Wai da gaske ne mutanen zamanin da ba su san haihuwar yaro da tawaya ba?

Abban Sadiq: Salam jama'ar gidan nan. Don Allah ina da tambaya ga masana tarihi da ma'aikatan lafiya, abu ne da ya hana ni barci. Sati uku kenan da matata ta sauka an samu namiji alhamdulillah, amma ƙafafunsa duka biyu a murɗe suke, sun lanƙwasa ciki tafin ƙafar na kallon juna. Mun fara zuwa asibitin ƙashi ana sa masa filasta duk sati. To maganar mutane ce ta fi ciwon zafi, tun ranar suna gwaggona take cewa su a zamaninsu ba a san irin wannan ba, wai allurar tazarar haihuwa ce da maman ta taɓa yi da magi da abincin gwangwani, wata maƙwabciya kuma ta ce ɗora waya a kan ciki ne. Yarinyar nan ta daina cin abinci sai kuka, gani take ita ta jawo masa. Shin abin nan sabo ne?

Maman Hanifa: Allah sarki. Allah ya raya Sadiq ya ba shi lafiya, ka gaida mai jego.

Anti Nas: Amin. Ƙanina ka kwantar da hankalinta, shekarata 19 a ɗakin haihuwa kuma na karɓi irin su Sadiq ba sau ɗaya ba sau goma ba. Kusan yaro 1 cikin duk 1000 ake haifa da wannan ƙafar a duk duniya, har ƙauyen da ba a taɓa jin sunan allurar tazara ba. Kuma yana gyaruwa sosai tunda kun fara da wuri. Bangaren tarihi na bar wa masu shi.

Ɗalibin Alƙahira: Yaya ni da idona na ga amsar tambayarka. A gidan tarihin da ke Fustat nan Alƙahira inda aka kwashe gawarwakin fir'aunoni aka kai a 2021 akwai gawar wani sarki Siptah, ya yi mulki sama da shekara 3000 da suka wuce, ƙafarsa ta hagu a shanye take ta fi ɗayar gajarta kuma ta miƙe ƙasa kamar mai tafiya da yatsu. Sannan Tutankamun da kowa ya sani, binciken da aka fitar a 2010 bayan an yi wa gawarsa sikanin ya ce ƙafarsa ta hagu a murɗe take kuma ƙashin ƙafar ya lalace, a kabarinsa da aka buɗe a 1922 an samu sanduna wajen 130 wasu ma da alamar an dogara su. A lokacin ina magi ina waya?

Injiniya: Ka bi a hankali malam. Siptah ɗin nan masana da yawa cewa suke shan inna ce, ita kuwa ba da ita ake haihuwar mutum ba kamuwa ake yi. Sanduna kuma ai ko sarakunanmu na yau suna riƙe sanda ba don gurguntaka ba, alamar mulki ce. Ba wai ina goyon bayan gwaggo ba ne, amma kar mu kai mata hujjar da za ta rushe.

Malamar Tarihi: Injiniya ya yi gaskiya a kan Siptah, har yau ana jayayya tsakanin shan inna da murɗewar haihuwa da ciwon da ke samun ƙwaƙwalwar jariri. Ni ilimin tone-tonen kayan tarihi na karanta a Zariya, kuma abu na farko da ake dasa mana a kai shi ne zane da sassaƙa ba hoton asibiti ba ne. Ku ɗauki Akinatan, fir'aunan da ake kyautata zaton shi ne uban Tutankamun, gumakansa doguwar fuska ga tumbi ga ƙugu mai faɗi kamar na mace, likitoci suka yi shekaru suna laƙaba masa cututtuka kala-kala, alhali in ka duba zanen zamanin matarsa Nafartiti da 'ya'yansa mata har da fadawa duk haka aka zana su, kuma a farkon mulkinsa an zana shi kamar kowane sarki. Salon zane ne ya canza. Saboda haka mu abin da ya fi mana ƙarfi shi ne inda zane da ƙashi suka haɗu suka faɗi magana ɗaya.

Injiniya: To akwai inda suka haɗun?

Malamar Tarihi: Akwai, kuma a nan ne Masar ta fi ko'ina. Wadanni. A Giza gefen dala an tono kabarin wani mai suna Farniyanku, aka samu gunkinsa na baƙin dutse da gajerun ƙafafu, aka kuma samu ƙwarangwal ɗinsa a cikin kabarin, ƙasusuwan hannu da na ƙafa gajeru masu kauri gangar jiki daidai da ta kowa, irin wadancin da aka fi sani ke nan. Ya kai wajen shekara 40 a duniya. Nan babu zancen salon zane.

Ɗalibin Alƙahira: Malama kin tuna min da Seneb! Wlh na fi minti ashirin a tsaye gaban gunkin nan ranar da na je gidan tarihin Tahrir. Ɗan ƙarami ne na farin dutse an yi masa fenti, shi yana zaune ya harɗe gajerun ƙafafunsa a kan dakali, matarsa Senetites mai cikakken tsayi na zaune gefensa ta zagayo da hannunta ta dafa shi, sai mai sassaƙar ya ɗauko 'ya'yansu biyu mace da namiji ya tsayar da su a ƙasansa daidai inda ƙafafun mutum za su sauko, kowanne da yatsa a baki. In ka hango daga nesa sai ka ga miji da mata kai ɗaya, ba a ɓoye halittarsa ba kuma ba a mai da ita abin dariya ba. Wajen shekara 4500 ke nan fa. A 1926 aka tono shi a Giza, rubutun kabarin ya nuna shi ne mai kula da tufafin fada, yana da muƙaman addininsu, yana da shanu dubbai.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Ni dai 'ya'yana bari in faɗa muku abin da na sani ba na littafi ba, shekarata 67. Gwaggon yaron nan ba ƙarya take ba da ta ce ba ta gani ba, amma ba don babu ba ne. A gidanmu na gado akwai yarinyar da aka haifa da tsagaggen leɓe har cikin ganda, ba ta iya kama nono, kwana tara ta koma, ba a ma yi maganarta a waje ba sai dai a ce haihuwar ba ta zo da rai ba. Akwai wani yaro kuma a unguwarmu mai katon kai wanda aka ce ɗan ruwa ne, a ƙuryar ɗaki ya rayu ya mutu, mu yara sai muryarsa muke ji. Wanda ya mutu a sati da wanda aka ɓoye ina za a gan su balle a ƙirga?

Anti Nas: Mama kin gama magana wlh. Yanzu suna rayuwa ne shi ya sa ake ganinsu.

Malamar Tarihi: Mama abin da kika faɗa shi ne daidai abin da gwajin DNA ya nuna. A 2024 masu bincike a Jamus suka duba DNA na mutanen da kusan 10,000 da aka tono a wurare daban-daban, suka samu jarirai 6 masu lalurar da muke ce wa galahanga, wadda ake haihuwar yaro da ƙarin ƙwayar halitta ta 21, daga Sifen da Bulgeriya da Girka da Finlan, wasu shekara dubbai. Dukkansu ko dai a ciki suka rasu ko jim kaɗan bayan haihuwa, wanda ya fi daɗewa bai wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Abin da ya taɓa min zuciya na Sifen ne, mutanen wurin a lokacin ƙona gawa suke yi amma waɗannan jariran a cikin gida aka binne su, ɗaya an sa mata zobban tagulla da ƙwanson teku da tumaki ko awaki uku a kewaye da ita. Jaririyar da ba ta ko yi rarrafe ba.

Maman Hanifa: Wayyo Allah, uwa uwa ce ko a wane zamani.

Sani Mai Shago: Ni fa na taɓa ji a wani bidiyo cewa turawan da jefar da irin yaran nan suke daga kan dutse, to ya aka yi yanzu kuma ake cewa ana kula da su

Malamar Tarihi: Labarin Sparta ne a Girka. Wanda ya rubuta shi Fulutak ya zo ne ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da yake ba da labari, kuma da masana na jami'ar Atina suka tono ramin da ake dangantawa da jefa mutane a can ƙasusuwan manya suka samu, yawanci maza 'yan 18 zuwa 35, babu na jarirai. Har ma Sparta ta yi sarki gurgu, Agesilawus. Amma kar in yi muku kwaskwarima, tsohuwar dokar Rum ta ba da damar kashe jaririn da aka haifa da nakasa mai tsanani, a Iraƙi kuma an tono alluna na yumɓu a Ninawa kusa da Mosul, jeri guda mai allo 24 da ba abin da ke ciki sai lissafin haihuwar da ta zo da tawaya ta mutum da ta dabba, yaro babu kunne ko yatsu sun yi yawa ko tagwaye a manne, kowanne da fassarar abin da wai zai samu sarki ko ƙasa. Wato camfin ma tsoho ne kamar lalurar.

Ustaz: Bismillah. Abban Sadiq ba sai mun je wajen fir'aunoni ba ma, ka kai wa gwaggo wanda za ta yarda da shi. Ahnaf bin Ƙais, shugaban Banu Tamim a Basra, wanda ya jagoranci rundunar musulmi a Khurasan, wanda Larabawa ke buga misali da haƙurinsa da hankalinsa har yau. Ahnaf ba sunan yanka ba ne laƙabi ne, ma'anarsa mai murɗaɗɗiyar ƙafa da ta karkata ciki, da ita aka haife shi, irin ta ɗanka sak. Jahiz ma da ya rasu a 255 bayan hijira littafi guda ya rubuta a kan manyan mutane guragu da makafi da masu ciwon fata. Sai dai ni abin da ban natsu da shi ba a zancen nan shi ne tone kaburbura da baje gawa a gilashi ana kallo, ko ta kafiri ce ɗan Adam ne yana da alfarma.

Malamar Tarihi: Allah ya saka Ustaz, na Ahnaf ban taɓa haɗa shi da wannan ba. Maganar alfarmar gawa kuma a cikinmu ma ana ta muhawara a kai, Amurka tun 1990 ta yi dokar mayar wa 'yan asalin ƙasar ƙasusuwan kakanninsu su binne, gidajen tarihi da yawa sun janye gawarwaki daga inda ake kallo. Ni ma ban ga amfanin baje su ba in an gama bincike.

Injiniya: Malama mu fa nan gida, Nok da sauransu babu komai ne?

Malamar Tarihi: Akwai amma da sharaɗi. A gumakan yumɓu na Nok, kudancin Kaduna zuwa wajen Jos da Abuja, masu shekara sama da 2000, akwai waɗanda ke nuna tundurmi da shanyewar ɓarin fuska, sai dai waɗannan ciwo ne da ke samun mutum daga baya. Matsalarmu ƙasar yankin tana cinye ƙashi, masana daga jami'ar Frankfurt sun yi shekaru suna tono ba su samu ƙwarangwal ba, ga masu haƙar sata da suka farfasa wurare suka sayar waje, gunkin da aka cire daga muhallinsa kuwa rabin labarinsa ya tafi. Wanda ba shakka a kansa shi ne wadanni biyu na tagulla daga fadar Benin, suna gidan tarihi a Biyana ta Ostiriya cikin kayan da suka fita bayan harin Ingila na 1897, maƙerin ya fitar da siffar kai da gajerun hannaye dalla-dalla yadda ka san mutanen gaske ya kalla. Yarbawa kuma a tsohon addininsu zabiya da wada da mai ƙusumbi mutanen Obatala ne, ba a taɓa su.

Hajiya Babba: Mu ma ai muna da Cindo. Ba a sa wa abin da babu shi suna.

Malamar Tarihi: Wlh Mama! Sunan kansa hujja ne. Kuma cindo har a Amurka, a wani tsohon gari na 'yan asalin ƙasar a kwarin Chaco mai shekara wajen 1000 an samu mutum 3 cikin ƙwarangwal 96 da yatsun ƙafa shida, ga takalman saƙa da aka yi wa wurin yatsa na shida, ga sawun ƙafa mai yatsa shida a jikin bango.

Tela Mai Zare: Salam. Tun ɗazu nake karantawa ban taɓa magana a gidan nan ba amma yau sai na yi. Ni wada ce, iyayena da yayyena duk dogaye ne, ɗinki nake yi shekara 14 da keken da aka sassare min ƙafarsa aka ɗaga matakin. Na ji daɗin labarin Seneb har na je na nemo hoton na daɗe ina kallon hannun matar nan a kafaɗarsa. Amma don Allah kar a ce wai mutanen da sun fi mu darajanta irina saboda an samu gunki a fada. A ajiye ka a fada ba shi ne a ɗauke ka mutum ba, ni an sha kirana biki ba don ɗinkina ba sai don a sa ni rawa a ɗauka a waya, kuɗi mai kyau ake bayarwa kuma ban taɓa zuwa ba. Wa ya san ko na Benin ɗin nan haka aka ajiye su? Kuma wadan da ba shi da shanu dubbai wa ya sassaƙa shi?

Ɗalibin Alƙahira: Anti wlh kin sa na ji kunyar yadda na yi ta murna. Gaskiyarki, akwai ma wasiƙar da ke tabbatar da maganarki, an sassaƙa ta a bangon kabarin wani Harkuf a Aswan. Fir'auna Pepi na biyu yana yaro ƙarami ya ji Harkuf ya taho da wani ɗan gajeren mutum mai rawa daga kudu, ya rubuta masa cewa a sa masu tsaro kar ya faɗa ruwa, da dare a leƙa shi sau goma, yana son ganinsa fiye da duk dukiyar da aka kwaso. In ka karanta da farko kamar kulawa ce, amma mutum ne aka ɗauko daga garinsu aka kawo wa yaro.

Malamar Tarihi: 'Yar'uwa na gode da kika yi magana, kuma tambayarki ta ƙarshe ita ce raunin fanninmu gaba ɗaya, masu kuɗi ne ke barin kabarin dutse. Akwai wata tsohuwar nasiha ta Masar ta Amenemofe da ake yawan kawowa, tana cewa kar a yi wa makaho dariya kar a tsokani wada kar a wahalar da gurgu, mutane na kawo ta a matsayin shaidar kirkinsu, ni kuma ina ganin ba a hana abin da ba a yi. Wanda ya fi gamsar da ni ba na fada ba ne, wani saurayi ne a wani ƙauyen masu noma da kamun kifi a arewacin Biyetnam, wurin da ake kira Man Bac, wajen shekara 4000. An haife shi ƙasusuwan wuyansa a manne, yana tasowa jikinsa ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa hannayen ma da ƙyar, ƙasusuwan ƙafarsa sun sirance kamar kara saboda rashin motsi, amma ya ƙara wajen shekara 10 a haka. Wanda ya taɓa jinyar mai kwance ya san me wannan ke nufi, a ba shi abinci a baki a juya shi kar gyambon kwanciya ya kama shi a wanke shi safe da yamma, shekara goma, ba sarauta ba dukiya. Ƙashi ba zai gaya mana ko an zage shi ko an yi masa dariya ba, amma ya gaya mana ba a bar shi ba.

Tela Mai Zare: Wannan kam na yarda da shi. Irin abin da innata ta yi min ne, ita ta goya ni zuwa makaranta har aji uku.

Sani Mai Shago: To ni tambayata, an ce iyayen Tutankamun wa da ƙanwa ne, ba auren zumunci ne ke kawo duk wannan ba kuwa

Anti Nas: Sani kar mu sauke laifi daga kan allura mu ɗora wa wani. Eh binciken ya ce iyayensa 'yan uwan juna ne ciki ɗaya, kuma auren dangi na kusa in ana ta maimaita shi yana ƙara yiwuwar wasu cututtukan gado, shi ya sa muke cewa a yi gwajin jini kafin aure ko don sikila. Amma murɗewar ƙafa yawancinta ba a san takamaiman sababi ba, wadanci irin na 'yar'uwarmu kuma 8 cikin 10 iyayensu masu tsayi ne ba dangin juna ba, canji ne ke faruwa a ƙwayar halitta haka kawai. Wanda muka san ana iya kiyayewa shi ne na ƙashin baya da ƙoƙon kai da ba su rufe ba, ta hanyar shan wannan ƙaramar ƙwaya folik asid da ake bayarwa wajen awo, matsalar ita ce wurin yana rufewa cikin kwana 28 na farko kafin mace ta ma san tana da ciki, don haka tun kafin ciki ya kamata a fara sha. Shi ma ba sabo ba ne, Malama ta gyara min in na yi kuskure, an samu a Masar.

Malamar Tarihi: Haka ne Anti. A wani gidan tarihi a Maidstone ta Ingila akwai ƙaramin ƙunshi da aka yi shekaru ana ɗauka gawar shaho ce saboda zanen da ke jiki, da aka yi sikanin sai ga ɗan tayi namiji na wata shida zuwa bakwai, yatsunsa cif amma saman ƙoƙon kansa bai haɗu ba, wajen shekara 2100. Ɓari ne amma aka shafe shi da magani aka naɗe shi da kyau.

Abban Sadiq: Jama'a ban san da wane baki zan gode muku ba. Ni da maman Sadiq ba mu haɗa dangi ba ma. Yanzu na gama karanta mata tun daga sama, da na zo wajen Ahnaf sai ta ce in maimaita, ta ce ashe har sahun manya akwai mai irin ƙafar ɗanta, ta tashi ta sha kunu. Gwaggo kuma zan je da kaina in same ta da maganar Hajiya, don na san ita ma in ta zauna ta tuna za ta tuno wani a gidansu. Anti Tela in ba damuwa matata na son lambarki ta akwatin sirri, ta ce ke za ki ɗinka masa kayan fita arba'in.

Tela Mai Zare: Na tura. A kawo shi in auna da kaina, wandon sai an buɗa ƙafar saboda filasta.

Anti Nas: Abban Sadiq, gobe in an sa filasta ta huɗu ka riƙa duba yatsunsa, in ka ga sun yi sanyi ko sun canza kala ko sun shige ciki ba ka ganinsu ku koma a daren kar ku jira sati. Kuma in an gama filasta za a ba ku takalmi mai ƙarfe a tsakani, wata uku na farko kusan dare da rana, daga nan sai lokacin barci har ya kai shekara huɗu, a nan ne iyaye ke gajiya ƙafar ta koma. Zai yi kuka kwanakin farko, kar gwaggo ta sa a cire.